Ɗan Kwana-kwana Ya Je Sayen Murhu

Duk unguwa Kwana-kwana ake ce masa, ko da yake ya daɗe da ajiye aikin kashe gobara. Aikin ne dai bai ajiye shi ba. In ya shiga gidanka gaisuwa, kafin ya tambayi iyali sai ya duba inda ka ajiye tukunyar gas. A gidansa kuwa, ashana a aljihunsa take kwana. 'Ya'yansa har suka girma ba su san jin ɗumin wuta a tsakar gida ba. Ba mugunta ba ce. Da hannunsa ya sha fito da mutane daga ɗakunan da suka ƙone, kuma ba duka ne suka fito da rai ba.

Matarsa, wadda yara ke kira Inna, ta yi haƙurin zama da miji mai gaskiya, wanda ya fi kowane haƙuri wuya. Amma bana sanyi ya kama mata gwiwoyi, zaman ɗaki kuma ya ishe ta. Abu ɗaya ta roƙa: murhun jin ɗumi a tsakar gida, irin na gidan autarsu. Ya ce a'a. Ta sake, ya sake. Ran nan sai ga Auta da mota, aka saka jakar Inna a baya.

"Malam, ko mu dawo da murhu, ko in wuce gidan yarinyar nan," in ji Inna. "Kuma ban ce maka ga ranar dawowa ba."

Bai taɓa jin wannan murya a bakinta ba. Tsoro ya kama shi, ya shiga mota.

A shagon mai walda, murahu ne jere a bakin ƙofa. Mai walda ya nuna wani mai kama da kasko, a kan ƙafafu uku, an yi masa ado da yankan taurari. Inna ta ce ya yi kyau. Kwana-kwana ya zagaya shi, ya ɗaga ƙafa ya harbe shi. Murhu ya kife da ƙara, har mai ɗinki na gefe ya leƙo.

"Baba, saye ka zo yi ko dambe?" in ji mai walda.

"Ɗana, gobara ba daga itace take farawa ba, daga ƙafa take farawa. Jika ya zo a guje, ko tsohuwa ta yi tuntuɓe. Kawo wani."

Aka kawo mai dogon bututun hayaƙi, ya harbe shi, ya tafi ƙasa kamar an hankaɗa mashayi. Aka kawo mai tayoyi, wannan kam bai faɗi ba, gudu ya yi har bakin titi. Auta ta rufe fuska don kunya. Inna ta tashi daga benci da kyar, ta dafa bango, ta je ta shiga mota ta rufe ƙofa.

Kwana-kwana ya san in ya ce a ba shi mai taurarin nan magana ta ƙare, amma bakinsa ya ƙi. Hali zanen dutse. Sai idonsa ya kai lungun shagon, inda mai walda ke da nasa murhun: ƙarfen tayar babbar mota ne, baƙi, mummuna, da murfin raga. Ya tattara ƙarfinsa ya harbe shi. Murhu ko gezau. Babban yatsansa ne ya ji jiki, amma mutumin nan murmushi yake.

Shi suka saya. Da yamma ƙarti biyu suka sauke shi a tsakar gida. Kwana-kwana ya janye shi nesa da bango, ya kwance igiyar shanya, ya share busassun ganye, yana ɗingishi. Ya kyasta ashana. Da wuta ta kama, ya ɗauko bokitin yashi ya tsaya a kanta.

Inna ta zauna a benci, takalmi a ƙafa, mayafi a kafaɗa. Auta na bakin ƙofa da mukullin mota a hannu.

"Kar ki sauke jakar tukuna," in ji Inna.

"Haba, Innar yara! Ba ga murhu ba?"

"Na gani. Bargo ma ina da shi, Malam, in ɗumi ne kawai. Tun ina yarinya nake zaune kai kana tsaye kana gadi. Mai gadi na aura?"

Ya dube ta, ya dubi wutar. Ajiye bokitin nan ya fi masa shiga gidan da ke ci da wuta wuya. Ya ajiye. Ya zauna a gefenta, baya a sandare.

Itace ya yi ƙara, tartsatsi ya tsallake raga ya faɗo ƙasa. Ya zabura zai miƙe, ta ɗora hannu a gwiwarsa. Suka zuba wa tartsatsin ido har ya mutu don kansa.

Inna ta zare takalmanta, ta miƙe ƙafafu wajen ɗumi.

"Ƙara mana itace, Malam, ta fara yin ƙasa."

Ya ɗaga murfin ya ƙara.