Yaya Ya Sha Ƙwayata, Ya Hau Sitiyari

Na daɗe ban ce komai a nan ba. Masu tambaya, lafiya lau nake. Jiya ne na ga wata baiwar Allah ta rubuta cewa jikinta duk ciwo, kafin a jima an cika ta da sunayen ƙwayoyi. Shi ya buɗe mini baki.

Gaskiya a yaba mana. Babu masu sakin hannu kamar mu. Goro a raba, fura a raba, magani ma in ka sha gaban mutane ba ka miƙa ba, ka zama marowaci. Wannan halin kirki ne ya kusa kashe ni da mota guda ta mutane.

Lokacin ba a daɗe da ba mu jiharmu ba, ina dillancin hatsi a kasuwar Gusau. Ciwo ya fara a wuya, ya sauko kafaɗu, ya bi ko'ina. In kwana in tashi kamar ɓarawon da aka kama ranar kasuwa. Riga ma nauyi take yi mini.

Gwajin jini, na fitsari, hoton ƙashi, kowanne ya fito tas. Jarin gero ya ƙare a layin asibiti. Wasu suka ce sammu, wasu suka ce lalaci. Ni da ɗaki ba ya riƙe ni, na koma ƙirga azara.

Wani likita ne ya danna wurare a jikina, ina zabura. Ya ce, “Malam Lawali, sunansa faiburomayaljiya. Ba ya kisa, amma ba ya gaggawar tafiya.” Ya rubuta wata 'yar ƙwaya, amitiriftilin. “Ɗaya, in za ka kwanta. Tana kawo barci mai nauyi. In ka sha, ko keke kada ka hau. Kuma kada ka ba kowa.”

Ta busar mini da baki, amma na fara barci. Kuskurena ɗaya, na yabe ta gaban mutane.

Wata safiya yayana Ummaru ya biyo dubiya. Direba ne, yana jigilar Gusau zuwa Tsafe, shi ya riƙe mu bayan rasuwar Baba. Yana kukan ciwon baya, ya ga ambulan ɗin maganin, ya zazzage biyu, ya kora da kokon da aka kawo mini.

“Yaya, likita ya ce...”

“Likita ya hi ni sanin bayana? Wagga 'yar mitsitsiya? Ni da ka shan manya!”

“Don Allah yau kada ka yi lodi.”

“In bar layina don tsoron ƙwayar gero? Kwanta, marar lahiya.”

Mai ɗakina ta ce in je in gaya wa shugabannin tasha. In kai ƙarar wana, a tsayar da shi gaban yaransa? Na ja jiki na bi shi tasha, na zauna gaban motar. Kowane rami a titi, sai na ji shi har cikin haƙori.

Mun yi nisa da gari na ga ya fara lumshe ido. Ya buɗe, ya girgiza kai, ya sake lumshewa. Motar ta fara neman gefe. A baya akwai mata da goyo da tsofaffi. Ƙofa ba ta buɗuwa ta ciki, ko ta buɗu ba inda zan je.

Na ce, “Yaya, tsaya.” Ya ce lafiyarsa ƙalau. Na juya ga fasinja, wani dattijo ya ce, “Bar direba shi yi aikinai.”

Roƙo bai ci ba. To ni ɗan kasuwa ne, na san abin da ke tada mutum.

“Yaya, gonar Baba ta Bungudu, yaushe za ka maido abin da ka cinye ta wajen iyaka?”

Wallahi ko taku bai taɓa ci ba. Idonsa ya buɗe tar.

“Mi kac ce?”

“Na ce ka ci gonar marayu.”

“Ni? Ni da niy yi maka aure? Ɗan banza, ashe ciwon naka ga baki yake!”

Ya taka birki don ya sauke ni. Motar na tsayawa na zare makulli na tura cikin wando. Ya zagayo zai mare ni, aka riƙe shi. Ya zauna gindin wata bishiyar bedi, wai sai ya ga ƙarshen rashin kunyata. Yana cikin zagina kansa ya langaɓe.

Fasinja suka hau wata motar, kowa na Allah wadai da ni. Na zauna ina kore masa ƙuda, jikina kamar an watsa barkono. Bai sake yi mini magana ba sai da sallah.

Sauƙi ya zo a hankali, da barci da tafiyar ƙafa da komawa wajen likita. Ciwon yakan leƙo, amma na koma kasuwa. Alhamdulillahi. Allah Ya saka wa likitan nan da mai ɗakina.

Jama'a, maganin da aka rubuta maka naka ne kai kaɗai. Ka ɓoye shi daga yara, da manya ma. Kada ka ƙara, kada ka yanke rana ɗaya ba da sanin likita ba. In kana da ciwon zuciya ko kana shan wani abu, ka faɗa tun farko.

Yaya na nan da ransa, ya ajiye tuƙi. Har yau in an taru yakan ce ƙwayar ba ta yi masa komai ba, takaicina ne ya kwantar da shi.

Ku da kuka taɓa jin takaici, wa ya taɓa sa shi minshari a bakin titi har la'asar?