Gurbi na Goma Sha Biyu

Dogo ƙanen mijina ne, Allah ya jiƙan mai gidan. Tun yana ƙarami ba ya ganin abu a rufe ya ƙyale. Sau uku yana kwance rediyon wansa, sau biyu ta tashi. Ya yi gyaran agogo, ya yi na waya, daga baya ya koma kwamfuta. Ya kai arba'in bai yi aure ba. In na ce, "Mijina, yaushe za mu ga amarya?" sai ya ce, "Yaya, surutunki kaɗai ya ishe ni." Alhali kowa ya san ni ba mai magana ba ce.

Shi ya haɗa manhajar da ake rajistar marasa lafiya da ita a ƙaramin asibitin da nake shara. Karatuna bai yi nisa ba, amma ina da ido. Kullum da safe ina goge fuskar kwamfutar da ke teburin mai rajista, kuma na san fom ɗin mata gurbi goma sha ɗaya ne, shida a dama, biyar a hagu.

Wata Laraba ina goge tagar da ke bayan mai rajista, wata budurwa ta zauna, sai na ga goma sha biyu. Tsohuwa ta biyo bayanta, suka koma goma sha ɗaya. Na ce a raina ko idona ne.

Bayan sati biyu wata uwa ta zo har ofishin Sista, babbar nas ɗinmu, ranta a ɓace. Wani yana ta kiran 'yarta a waya, kuma babu inda yarinyar ta ba da lambarta sai a nan. Sista ta duba, ta tarar da gurbin: lambar wayarki ta kanki, ba ta gida ba. Kuma ba ya fitowa sai ga mace matashiya marar aure.

Mai rajista ya ce shi abin da ya gani a fuska shi yake cikewa. "Wanda ya ƙera abu ai shi ya san cikinsa, Sista. Ba shi ya ce a kulle take ba, ba mai iya taɓa ta?"

Sista ta aika wa Dogo ya zo ranar Litinin, ya zo da shirin barin aikin.

Ba zan ɓoye ba, ni ma zuciyata ta karkata. Gwauro ne, ba a san abokansa ba, yini yake ƙofa a rufe. Na nemi tsari daga zato, zaton bai tafi ba. Ranar Asabar bayan la'asar na je ɗakinsa, na ture wayoyi daga kan kujera na zauna.

"Dogo, don girman Allah, kai ne?"

Ya daɗe yana kallona. "Har ke, Yaya?"

"Tambaya na yi."

Ya juyo da kwamfutarsa. Ya ce manhajar kamar gini ce da ya bushe, gaskiya ba a canza ta sai ya sake haɗa ta daga tushe. Amma fom ɗin ba a jikin ginin yake ba. Akwai wani jeri a ciki, layi-layi: wace tambaya, ina za ta zauna, wa za a yi wa ita. Duk sanda aka buɗe, sai manhajar ta karanta jerin ta shimfiɗa guraben nan take.

"Kamar yadda kike jera benci da safe. Ba a kafe suke ba, yawan mutane kike dubawa. Na yi haka ne don kada a riƙa nemana duk ranar da ake son ƙara tambaya ɗaya. Sista kaɗai na ba kalmar sirrin shiga jerin, ita kuma ina jin ko sau ɗaya ba ta buɗe ba."

Ya nuna mini jerin. Fuska ce mai ruwan toka, da layuka kamar na littafin makaranta. Ai na taɓa ganinta. Na gan ta da sassafe a teburin mai rajista, yana jin tsintsiyata ya rufe, ya hau gaishe ni da fara'ar da bai saba ba. Na kuma tuna wata 'yar takarda mai kalma ɗaya a rubuce da Sista ke sokewa a ƙarƙashin tiren alƙalumanta. Shekara guda ina ɗaga ta ina mayarwa fuskarta ƙasa, rannan na same ta fuskarta sama.

Ban gaya wa Dogo ba. Na ji tsoron in sauke zato daga kan wani in ɗora wa wani.

Ranar Litinin Dogo ya buɗe jerin a gaban Sista. Kowane layi yana ɗauke da ranar da aka sa shi. Na goma sha biyu an sa shi ne da kalmar Sista, ranar Talata, ƙarfe bakwai da kwata na safe.

"Ni da ba na isowa sai tara?" in ji Sista.

Mai rajista ya ce ai masu irin wannan aiki suna iya sa kowane lokaci suka ga dama. Na ga Sista ta sake kallon Dogo, irin kallon da na yi masa. Sai na jingine tsintsiyata.

"Sista, ƙarfe bakwai mu biyu ne a ginin nan, ni da mai rajista. Ni kuwa ban san inda ake dannawa ba."

Na faɗi abin da na gani, ban ƙara ba. Mai rajista bai kai ƙarshen satin ba.

Dogo yana nan da aikinsa. Ya goge layin, ya sa Sista ta haddace sabuwar kalma, ya yaga takardar. Yana gaishe ni da ladabi, yana aiko mini da abin da ya samu, amma tun daga ranar da na yi masa tambayar nan bai ƙara ce mini mai surutu ba. An kawo sabon mai rajista, mutumin kirki ne a ido. Ni dai kullum ina goge tagar nan ta bayansa, ina ƙirga guraben.