Saniyar da ta ƙi ni

Ban taɓa shan wuya irin ta shekarar nan ba. Shekarun baya ne, lokacin da mura mai zafi ta ratsa Bungudu ta kwashe mutane. Matata na ciki. Ta bar ni da jaririya, ko zama ba ta fara ba.

Wata maƙwabciya ta riƙa ba ta nono, amma ita ma goyo gare ta, bai isar yara biyu. Yarinya ta fara ramewa. Sai abokina Bafillace da ke wajen Wonaka ya koro mini saniya da maraƙinta, ya ce in riƙe har ɗiyata ta soma cin tuwo.

Ni manomi ne, ban iya tatsa ba. Ya nuna mini: a saki maraƙi ya ɗan tsotsa, a janye shi a ɗaure kusa da uwar, sannan a sa ƙwarya. A hannunsa madara ta zubo. Yana tafiya saniya ta ƙi ni. In na matso ta shure ƙwarya, in na kama hantsa ta ɗauke nono. Na yi mata dabaibayi, na zage ta, har roƙonta na yi, ƙaton banza durƙushe gaban saniya.

Gaskiya tun rasuwar ƙirjina bai huta ba. Kullum zuciya na bugu kamar an biyo ni, ina haki ko ban yi aikin komai ba.

Mahaifiyar abokin nawa ta shigo gari tallan nono, ta biyo ta ga saniyarsu. Ta tsaya tana kallona. Na ce mata dabbar nan mugun hali gare ta. Ta yi dariya, ta ce ita ta raine ta, ba ta san ta da haka ba.

“Malam, kai ne kake haki kamar kare ya koro ka. Tana jin ka. Wa zai ba mai firgita nono?”

“To Inna, in daina numfashi ne?”

Ta ce in aje ƙwarya, in kafa goshina a kwiɓin saniyar, kada in taɓa hantsa. In cikinta ya taso in ja iska, in ya sauka in saki, a hankali, kada in riga ta.

Da farko kamar zan shiɗe. Numfashin saniya dogo ne, nawa guntu. Na daure ina bin ta. Can sai na ji bugun ƙirjina yana raguwa, kafaɗuna suka sauko. Hawayen da ban yi ba ranar jana’iza suka zubo a jikinta. Da saniya ta fara tuƙa, tsohuwar ta sako maraƙi, ta miƙo mini ƙwarya. Madara ta zo. Ba yawa, amma yarinya ta sha ta yi barci.

Ba ni da ilmin da zan ce ga abin da ke haɗa numfashi da zuciya. Na dai san in ɗaya ya lafa, ɗayan na bin sa. Baƙin cikin bai tafi ba, ya dai bar ni na yi aiki. Har yau in raina ya ɓaci haka nake yi, ko babu saniya.

Washegari da na idar da sallar asuba, ban ɗauki ƙwarya ba. Na je turke na jingina goshina a jikinta, sai da muka daidaita, sannan na kwance maraƙi.