Katin Baba da Guntun Sandan Besbol

A shekara ta dubu biyu da goma sha wani abu, ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu daga safe zuwa la'asar, da yamma kuma in wuce makarantar koyon jinya. Ni da maigidana muna zaune a unguwar Mount Hope da ke yankin Bronx. Kamfanin da nake wa aiki ya tura ni wurin wani dattijo, tsohon direban bas, baƙar fata haifaffen Bronx, a hawa na biyar na wani gini da ke kallon babban titin Grand Concourse. Ciwon suga ya ci masa ƙafa ɗaya, idanunsa sun fara rauni. Baba nake ce masa. Ranar farko ya tambaye ni ma'anar kalmar, da na gaya masa ya ce ya karɓa.

Baba yana tara katunan 'yan wasan besbol. Ba irin siraran da yara ke wasa da su ba. Nasa masu kauri ne, kowanne da 'yar taga a tsakiya, a cikinta an manna guntun katako da aka yanko daga sandan da ɗan wasan ya buga ƙwallo da shi, a ƙasa kuma ga sa hannunsa da shuɗiyar tawada. A baya akwai lamba da ke nuna guda nawa aka yi irinsa a duniya. Baba ba ya iya ganin ƙananan rubutun, don haka karanta masa su ya shiga cikin aikina, tsakanin gwajin jini da dafa abinci. Sai na wanke hannu na goge kafin ya bari in taɓa, alhali kowane kati yana cikin rigar roba.

Da farko shirme na ɗauke shi. Dattijo mai jikoki yana lallaɓa katako kamar gwal! Amma kullum da rana talabijin a kunne take, yana yi mini bayanin wasan, wa ke jifa, wa ke bugu, me ya sa wancan ya tsaya bai gudu ba. Kafin shekara ta zagayo na fara sayen nawa 'yan masu araha a wani shago da ke kan hanyar makaranta, ina ajiye su a gwangwanin alewa.

Ranar zagayowar haihuwarsa, 'yarsa da ke zaune a wata jiha ta kudu ta aiko masa da kwali guda na masu tsadar nan, wanda ba a san abin da ke ciki sai an buɗe. Muka zauna a teburin kicin. Ni ke yanke leda, shi yana shafa katunan da ɗan yatsa ina karanta sunaye. Na ƙarshen ba shi da hoto, ba shi da katako. Farin kati ne kawai da rubutu.

"Karanta mini," in ji shi.

Na karanta. Kamfanin na taya shi murna, ya ci kati mai guntun sanda da sa hannun wani tsohon ɗan wasa, amma katin bai kammala ba, za a aiko masa in ya yi rajista. Da na faɗi sunan ɗan wasan, Baba ya dafa tebur kamar zai miƙe, ya manta ƙafa ɗaya ce. Wannan mutumin shi ne gwarzonsa. Shekara da shekaru shi da marigayiya matarsa suna zuwa filin wasan da ke ƙasan unguwar don su gan shi.

A bayan katin akwai wurin kankarewa, kamar katin waya na gida. Na kankare da cokali, na shigar da lambar a shafin kamfanin ta wayata. Aka ce mu saurara cikin 'yan watanni.

Daga ranar, gaisuwar Baba ta canja. Ina turo ƙofa zai ce, "'Yar nan, kin duba akwatin wasiƙu?" In na ce na duba, zai ce ai mai kawo wasiƙa bai zo ba tukuna, in koma da azahar. Lif ɗin ginin kuwa kwana biyu yana aiki, kwana uku yana hutu. Hawa biyar in sauka, in tarar da takardun talla da na asibiti, hawa biyar in hau ina haki, in same shi ya juyo da kekensa na guragu yana kallon hannuna.

Wata shida suka wuce, shafin yana nuna kalma ɗaya: ana jira. Na fara buga waya. Za a sa mini wani kiɗa mai cin rai, in ajiye wayar a kan firji ina wanke kwanuka, sai hannuna ya cika da kumfa sannan wani zai ɗauka. In faɗi lambar, a ce ba a ji ni ba. In maimaita a hankali, a ce in faɗi haruffan ɗaya bayan ɗaya. Wata ma cewa ta yi ko akwai wani a gidan da zai iya yi mini magana. Ni da na koyar da Turanci a sakandare a Kano kafin in zo ƙasar nan. Na haɗiye, na miƙa wa Baba wayar, shi kuma ba ya jin ta sosai, ya dawo mini da ita.

Amsar dai ɗaya ce kullum. Ɗan wasan bai dawo musu da katunan da aka kai masa ya sa wa hannu ba. In muna so, za su ba mu wani a madadinsa.

"Gaya musu ba na son wani," in ji Baba. "Shi nake so. Zan jira."

Maigidana ya gaji da labarin. Wata rana muna cin tuwo na sake ɗauko zancen, ya ajiye loma ya ce, "Ke dai Allah ya ba ki lada. Katin nan ba naki ba ne, ɗan wasan bai san kina duniya ba, ga jarrabawa a gabanki." Na ce na sani. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta ƙara ba ni haushi. Abin da na kasa yi masa bayani shi ne, ni ce ke kallon fuskar tsohon nan duk lokacin da na shigo hannu wofi.

Ana gab da cika shekara biyu, na buɗe akwatin na ga ƙaramin ƙunshi mai tambarin kamfanin. Ban ma san yadda na hau benen ba. Baba ya sa na wanke hannu, ya sa na share teburin. Na buɗe.

Katin wani yaro ne sabon shiga, wanda ko sunansa ba mu taɓa ji a talabijin ba. Sa hannun nasa wani ɗan zane ne kamar tsutsa, a kan farar takarda aka yi shi aka liƙa. A bayan katin an rubuta cewa katakon ba daga wani wasa na musamman ya fito ba. Ga kuma wasiƙa, wai saboda jinkirin sun zaɓa mana wanda ya yi daidai da wancan a daraja. Ba wanda ya tambaye mu.

Baba ya kai katin dab da idonsa, ya daɗe, sannan ya ture shi gefe.

"Teburin nan yana girgiɗi," ya ce. "Sa shi a ƙarƙashin ƙafar."

Ban sa ba. Na jefa shi a jakata.

Wata Asabar da ba ni da aiki, na ji ana bajekolin katuna a zauren wani otal a Manhattan. Na ɗauki katin yaron da gwangwanina na shiga jirgin ƙasa. Zauren cike da maza, tebur bayan tebur, gilasai da fitilu. Ni kaɗai ce mai mayafi. Uku a cikinsu suka tambaye ni ko ɗana nake nema wa. Na huɗun ya fara yi mini bayanin mene ne besbol, na bar shi ya gama, na tambaye shi ko yana da katin da nake nema, na faɗi shekarar da aka buga shi da sunan jerin. Ya ƙifta ido, ya nuna mini teburin ƙarshe.

Yana nan. Katin Baba, a cikin gilashi, da hoton, da katakon mai duhu-duhu, da sa hannun a jikin katin kansa. Na tambayi mai teburin yaushe ya same shi. Ya ce tun bara, ta wasiƙa kamfanin ya aiko masa. Ashe ɗan wasan ya sa hannu. Ashe an raba wa wasu, mu kuwa ana ce mana ana jira.

Na zazzage gwangwanina a gabansa, na ɗora katin yaron a kai, na ce mu yi musaya. Ya ɗaga na yaron da yatsa biyu ya yi dariya, ba ta mugunta ba. Ya ce an riga an mayar da yaron ƙaramar ƙungiya, ba mai neman katinsa. Ya juya gilashin ya nuna mini farashin. Na tattara kayana. Na roƙe shi in ɗauki hoto kawai, ya ce in ɗauka.

Ran Litinin na yi ta juya abin a raina kafin in nuna wa Baba. Daga baya na ga ba ni da ikon ɓoye masa. Na buɗa hoton ya cika wayar, ya kai ta bakin hancinsa.

"Hannunsa ya fara rawa," ya ce. "Dubi wutsiyar harafin nan. Shi ma ya tsufa." Ya miƙo mini wayar. "Kira su."

Na kira. Bayan kiɗan, wata mata ta ce tunda an aiko da madadi kuma mun karɓa, an rufe maganar, ba abin da za ta iya. Na gaya mata na ga katin da idona. Ta ce ta fahimci damuwata. Na sake faɗa, ta sake fahimta. Nan Turancina ya ƙare, na juya Hausa, na zazzaga mata duk abin da na tara tun daga hawan bene na farko. Ta saurara na ɗan lokaci, ta yi mini fatan wuni lafiya, ta kashe.

Baba yana kallona baki buɗe.

"Me kika ce mata?"

Na ce ba zai fassaru ba.

"Ko mene ne, har da nawa a ciki," in ji shi. Ya naɗe hannun rigarsa ya miƙo mini damtse, lokacin allurarsa ya yi.