Ramukan Wata a Benen Alhaji Garba

Duk wanda ya yi aure ko suna a Gyaɗi-Gyaɗi 'yan shekarun nan, da wuya bai ratsa shagon Ashiru mai hoto ba. Siriri ne, mai magana ƙasa-ƙasa kamar yana tsoron tayar da mai barci. Shi yake ɗauka, abokin sana'arsa Sulaiman yake gyarawa a kwamfuta. Hannun Sulaiman ba ya barin ƙurji ko tabo. Ya taɓa goge wa wani dattijo tsagar gado kaf, har 'ya'yansa suka dawo da hoton suna tambayar ina babansu.

Shi kuwa Ashiru fuskar mutane ta ishe shi. Tun ranar da ya tsinci madubin hangen nesa a cikin kayan gwanjo, da an idar da magariba sai ya haye saman benen da yake haya a Tarauni, ya ɗaure wayarsa a bakin madubin da roba, ya saita wata. Hotunan farko abin tausayi ne. 'Yan majalisarsu ta hira suka karɓi wayar hannu zuwa hannu, suka yanke hukuncin cewa curin fura ne aka ajiye a duhu.

Bai yi fushi ba, sai ya koma bincike. Abin da ya gano, yakan bayyana wa duk wanda tsautsayi ya zaunar kusa da shi, shi ne laifin iska ne. Zafin kwanon rufi da hayaƙin janareta da na Adaidaita Sahu su ke sa watan yin rawa kamar ana kallonsa a gindin bokitin ruwa. Maganin shi ne a daina ɗaukar hoto ɗaya, a ɗauki bidiyo. Manhaja ta warware shi zuwa dubban hotuna, ta zubar da masu dishi-dishi, ta daidaita masu kyau baki da baki, ta ɗora su kan juna. Dattin kowane hoto daban yake, don haka ya narke. Abin da ke jikin watan da gaske kuwa yana nan a kowanne, sai ya ƙara fitowa. Kuma ba a ɗauka ranar da wata ya cika. Sai yana rabi, lokacin da inuwa ke kwanciya a cikin ramukansa.

Ana nan sai maƙwabcinsa Abdulmalik, direban babbar mota da ba ya iya raɗa, ya kai ƙara wajen mai gidan, Alhaji Garba. Ya ce shi bai yarda ƙato da gemunsa zai yi ta hawa sama da bututu don wata ba. Wata ai daga tsakar gida ma ana ganinsa kyauta. Tsakar gidan mutane ake leƙe.

Alhaji Garba ya kira Ashiru ya ce ya kawo shaidar abin da yake kallo zuwa Juma'a, in ba haka ba kwaɗo zai hau ƙofar bene.

Ashiru ya zuba duk iyawarsa. Hoton da ya fito, kowane rami da bakinsa da inuwarsa, har da ƙananan da ke cikin manya. Ya ba Sulaiman ya buga shi babba ya sa a gilashi, shi kuma ya wuce ɗaukar walima a Unguwa Uku. Da ya dawo ya ɗauki abinsa a naɗe, bai kwance ba sai a ƙofar gidan Alhaji bayan la'asar, gaban mutane.

Wata ne sumul, fari tas, har da ɗan ja-ja a kumatu. Babu rami ko ɗaya. Daga baya Sulaiman ya ce shi bai taɓa barin hoto ya fita shagonsu da ƙuraje haka ba, ba kuma zai fara a kan wata ba.

"Tubarkalla," in ji Alhaji. "Wannan shi ne wata."

"Alhaji, an ɓata shi ne," in ji Ashiru. Ya zaro waya ya nuna na ainihi.

Abdulmalik ya leƙa, ya kwashe da dariya. "Malam Ashiru, ka ji tsoron Allah. Wannan ai layinmu ne bayan damina. Ga ma ramin da ya cinye min taya."

Alhaji ya ture wayar. Ya ce bai kamata mutum ya rasa abin yi sai tonon aibin halittar Allah ba, amma na cikin gilashin ya gamsar da shi, don babu tsakar gidan da ke da haske haka. Bene na nan a buɗe, da sharaɗin bakin bututu ya riƙa kallon sama.

Ashiru ya buɗe baki zai ƙara bayani, ya dubi matakalar bene, ya rufe.

"Wannan na falona ne," Alhaji ya ce yana miƙa shi cikin gida. "Ka yi min wani na shago. Amma ka jira ya zama jinjiri, kuma a sa masa tauraro a ciki, irin na kan masallaci."

"To, Alhaji," in ji Ashiru.