Gyangyaɗi a Dajin Falgore

Shekarar da na haɗa aiki biyu, na yi ta cika baki a tasha cewa barci bawana ne: in ce zo ya zo, in ce tafi ya tafi. Da dare ina gadin wani sito a Riruwai, da rana in ja ƙaramar bas zuwa Tudun Wada. Dabarata irin ta direbobinmu ce: goro a kunci, shayi mai kaurin da cokali zai tsaya a ciki, a watsa ruwa a fuska a hau titi. Goron da na ci a watannin nan, da shuka shi aka yi, da yanzu mu 'yan Doguwa ke sayar wa mutanen Kurmi.

Rannan bayan azahar muna shan wata kwana a tsakiyar dajin Falgore, mota cike maƙil. A gaba, kusa da ni, wata tsohuwa ce Bafillatana rungume da ƙwaryar nono. Wallahi idona a buɗe yake, ina ganin titi. Sai kawai na ji tsohuwar ta zuba min mari a ƙeya.

"Kai ɗan nan! Lahira za ka kai mu?"

Gingimari ce ta cika min gilashi, ashe na koma hannunta. Na murɗe sitiyari, iskarta ta girgiza mu, nono ya wanke ni har cikin kunne. Ba wanda ya yi dariya. Na tsaya gefen titi, wata mata a baya tana ta salati. Abin da ya fi razana ni, ban san lokacin da barci ya ɗauke ni ba.

Na ɗauka jifa aka yi min. Da na faɗa wa 'yar yayata, wadda ta karanci kimiyyar halittu a jami'a, sai ta girgiza kai.

"Kawu, ba wanda ya jefe ka. Kowace ƙwayar halitta a jikinka da agogonta. Tana ƙera wasu sinadarai, su yi ta taruwa kamar hatsi a rumbu. In sun cika, su da kansu suke komawa su toshe inda ake ƙera su. Sai sun narke sannan a sake buɗewa, zagaye ɗaya kusan kwana guda. Hasken da ke shiga ido shi ke saita babban agogon da ke ƙwaƙwalwa, sauran su bi shi. Kai ko ka hana su dare, ka hana su rana."

"To goron fa?"

"Goro toshe wa barci baki yake, Kawu, ba ya korarsa."

Washegari na shiga mota, fasinja sun cika, na riƙe makulli na kasa murɗawa. Na sauko na roƙi wani direba ya kwashe su. Ran nan na mayar wa mai sito tocilarsa da gorarsa. Har yau in na zo kwanar nan, sai na ji hannuna ya kai ƙeya.