Wadda Akuya Ta Shayar

Ciwon daji na nono ne ya ɗauke Innarmu, kamar yadda ya ɗauke ƙanwarta tun kafin ita. Da wata likita a Kano ta ji haka, sai ta sa aka ɗebi jinina. Sakamako ya nuna ina ɗauke da abin a cikin halittata, kuma wurin Inna na samo shi. Likitar ta ce ba ciwon ba ne tukuna, amma dole a riƙa duba ni. Ta ce in kawo duk wanda muka fito ciki ɗaya. Mu biyu ne rak, ni da Yayata da ke aure a Toranke.

Na yi zancen a wani gidan suna a Gaya. Kafin a gama rabon tuwo, magana ta koma wai a nonon Inna ciwon yake. Inna kuwa, Allah ya ji ƙanta, ba jaririn da zai yi kuka a unguwarmu ta tsaya tambayar na waye kafin ta ba shi nono.

Washegari wani mahauci mai gemu ya yi sallama, yana shafa ƙirji.

"Ƙanwata, ashe abin da ya same mu ke nan? Ni fa an ce sai da na ƙoshi."

Wasu tagwaye suka taso daga Gafasa su biyu, don ba a tuna wadda ta sha a cikinsu ba. Wani tsoho ya aiko a tambaya ko furar da Inna ta taɓa dama masa tana ciki. Na yi bayani har maƙogwarona ya bushe: ba ta nono yake bi ba, a jini yake, sai wanda ta haifa.

Mahaucin ya ce, "Haba ƙanwata! Nonon da ya haramta mini aurenki, shi ne zai kasa ba ni ciwo?"

Kowa ya zo ban da wadda nake nema. Na hau babur sai Toranke, na tarar da Yaya tana ɓarar gyaɗa. Ta saurare ni tana dariya. Lokacin da aka haife ta, ungozoma ta jefa tururuwa a nonon Inna don gwaji, tururuwa ta mutu, aka ce nonon ba kyau, aka shayar da ita na akuya.

"Ni akuya ce uwata," in ji ta. "Kin taɓa jin an kai akuya asibitin Kano?"

Raina ya ɓaci, na manta da girmanta. Na ce ai ba akuya ce ta yi naƙudarta ba. Na yi ta faɗa har kuka ya ƙwace mini, don tsoro nake ji, kuma ba ni da kowa sai ita.

Ta ci gaba da ɓara har 'yan matanta suka ɗauki bokitai suka fita ɗiban ruwa. Sannan ta karkaɗe zani, ta ja ni ɗaki, ta kama hannuna ta sa a ƙarƙashin rigarta, ta gefen hagu. Na ji abu mai tauri kamar ƙwallon dabino.

"Tun kafin azumi," ta ce. "Kar ki faɗa wa yaran nan. Gobe ki zo da wuri, ki ce rakiyarki zan yi."